Littattafan Warhammer: me ya sa masoyansu ne suka fi kowa zaginsu?

"Assalamu alaikum Yaya. Na buga wasan Space Marine 2 a kwamfutar wani abokina, labarin ya ja ni har na koma YouTube ina kallon bayanai, sai na gano ashe asalin abin wasan 'yan sojojin roba ne da ake jerawa a kan tebur, kuma wai akwai littattafai ɗaruruwa a kansa. Ni mayen littattafan yaƙi ne tun ina sakandire, sai nace bari in nemi ɗaya in fara. To amma duk littafin da na duba ra'ayin mutane a kansa sai in tarar ana dambe, wannan yace babu kamarsa, wancan yace marubucin ya ci amanarsu. Shin littattafan nan suna da kyau ne ko talla ce kawai ta sayar da roba? Me yake kawo rigimar? Kuma da wanne zan fara?"

Wa'alaikumus salam ƙanina. Tambaya uku ka ƙulle a ƙunshi ɗaya, amma in na fahimce ka abin da ya ɗaure maka kai shi ne ta yaya mutanen da suke zuba kuɗinsu da lokacinsu a kan abu su ne kuma suka fi kowa yi masa tijara, kuma kai da kake baƙo maganar wa zaka ɗauka. Ni dai shekara goma sha wani abu kenan ina cikin wannan harka, tun zuwana karatu Ingila wani ɗan ajinmu ya ja ni wani kulob da suke haɗuwa ranar Alhamis da daddare, na je da niyyar kallo kawai in dawo, yau ga ni da akwati biyu na sojoji da kanta guda ta littattafai, uwargida ta yi magana har ta gaji ta zuba min ido. To bari in faɗa maka abin da na gani.

Roba ce ta fara zuwa, labari ya biyo baya

Wasan yaƙi a kan tebur tsohon abu ne a Turai. Sojojin Prussia, wato wani yanki na Jamus ta yanzu, sun ɗauki irinsa don horar da hafsoshi tun 1824, sannan a 1913 marubucin nan H. G. Wells ya fitar da ɗan littafin dokokin wasa da sojojin dalma don nishaɗi. Kamfanin da ya mayar da abin babbar kasuwa shi ne Games Workshop, wanda aka kafa a Landan a 1975, yanzu hedikwatarsa tana Nottingham. A 1983 suka fitar da Warhammer na takobi da tsafi, a 1987 kuma suka fitar da Warhammer 40,000, wanda ka ci karo da shi, inda aka kai labarin shekara dubu arba'in gaba, ɗan adam ya mamaye duniyoyi kamar miliyan a ƙarƙashin wata muguwar daula, sarkinta da suke kira Emperor yana zaune a kan wata karaga ta injina shekara dubu goma bai mutu ba bai yi rai ba, yaƙi kuma ta kowace kusurwa.

Abin da nake so ka riƙe shi ne yadda mutum yake mallakar runduna. Ba a sayar maka da soja a gama. Kwali zaka saya, ka buɗe ka tarar da firam na roba mai ruwan toka, hannu daban, kai daban, bindiga daban, kai zaka yanke su da 'yar fulaya, ka kankare, ka haɗa da gam, sannan ka zauna da buroshi mai bakin allura kana fenti. Sojan bai fi tsawon gaɓar yatsa ɗaya da rabi ba, milimita 28 zuwa 32 ne. Sai ka tara gommai, wani ɗari da wani abu, kafin ka je ka jera su a gaban na wani, kuna auna tazara da tef kamar na tela, kuna jefa dayis irin na ludo, wasa ɗaya ya ci awa uku.

Littattafan labari sun zo ne don su yi wa wannan hidima. An fara gwadawa a 1989 da 1990, amma abin bai zauna da gindinsa ba sai da kamfanin ya kafa nasa sashen ɗab'i mai suna Black Library a 1997, ya fara da mujallar gajerun labarai, a 1999 ya shiga fitar da cikakkun littattafai. Don haka in ka tambaye ni ko talla ce, eh asalinta talla ce, babu wanda ya ɓoye. Eisenhorn, jerin littattafan wani jami'in binciken daular da kowa yake yabo yau, littafinsa na farko ya fito a 2001 ne don ya raka wani sabon wasa mai suna Inquisitor, wasan ya daɗe da mutuwa amma littafin har gobe ana buga shi. Kaga kenan kasancewar abu talla bai hana shi yin kyau ba.

Mai karatun da yake da hannun jari

Nan ne asalin amsar. In ka ɗauki littafin yaƙi na Hausa, jarumi ya ci nasara ko a kashe shi, zaka ji daɗi ko haushi, ka rufe ka ajiye, don jarumin na marubuci ne. A nan kuwa jarumin yana cikin akwatinka a ƙarƙashin gado, kai ka yi masa fenti.

Ni rundunata talakawan sojoji ce, Imperial Guard, mutane irina da kai ba irin Titus mai shuɗin sulke, jarumin wasan da ka buga, ba, kuma 'yan wata duniya ce mai suna Cadia wadda take gadin ƙofar da shaiɗanu suke ɓullowa. Wani hunturu na zauna na yi wa tamanin daga cikinsu fenti, kore da kaki, dare bayan dare bayan na dawo daga aiki, da fitilar tebur da kofin shayi da sau biyu na tsoma buroshi a ciki a zaton ruwan wanki ne. A labarin an ce mutanen Cadia idonsu ruwan shunayya ne mai kama da makuba, to ni da taurin kai sai da na ɗiga wannan launin a idon kowane sajan, ɗigon da in ba ka ɗaga shi saitin hancinka ba ba zaka gani ba. Sai ga farkon 2017 labari ya motsa, Cadia ta faɗi, an tarwatsa duniyar gaba ɗaya. Wallahi ƙanina na san abin dariya ne, babba da ni da gemu, amma ranar jikina ya yi sanyi kamar mai goyon ƙungiyar da aka kora daga gasar Firimiya. Dokar wasa ba ta canza ba, ana ci gaba da sayar da sojojin, babu wanda ya ƙwace min komai, amma yarana sun zama marasa gida. Bayan 'yan makonni kuma sai na ga abin ya ƙara musu armashi, na koma ina yi wa sababbi fenti da sulke a kakkarce kamar 'yan gudun hijira.

To ka ɗauki wannan ka ninka shi sau dubban mutane. Duk wanda ya ɗauki littafi da rundunarsa a ciki ba labari kawai yake karantawa ba, hukunci yake jira a kan abin da ya kashe wa watanni da fam ɗaruruwa. In marubuci ya sa an karkashe mutanensa kamar kiyashi don jarumin wani ya haska, to cin fuska ne. Akwai wani dattijo a kulob ɗinmu da yake buga Eldar, wasu halittu ne masu kama da mutane amma sun fi daɗewa da wayewa, babban dodon yaƙinsu ana ce masa Avatar, wani ƙato ne na narkakken ƙarfe da ya kamata kowa ya ji tsoronsa. Marubuta kuwa sai suka mayar da shi sikelin auna jarumta, duk wanda ake so a nuna ya isa sai a ba shi Avatar ya kashe. Wata rana wani yaro ya zo da zumuɗi yana ba da labarin littafin Fulgrim na 2007, yana cewa ai wurin da ya fi burge shi shi ne inda aka shaƙe dodon nan, dattijon bai ce komai ba, ya ɗauko nasa Avatar ɗin da ya yi wa fentin wuta mai kyan gaske, ya kwantar da shi rigingine a tebur tun kafin a fara wasa, yace to ga shi nan na rage muku aiki.

Kuma ƙorafin nasu yana da tushe, mafi yawan littattafan a kan daular mutane ne, musamman Space Marines, ƙartin sojojin nan masu sulke irin su Titus, don su suka fi ciniki. Mai buga rundunar wasu halittun da ba mutane ba, irin Ork ko Tau ko Necron, sai ya daɗe yana jira kafin a fitar da wanda mutanensa ne jarumai. Shi ya sa da The Infinite and the Divine na Robert Rath ya fito a 2020, labarin wasu tsofaffin Necron biyu da suka shafe dubban shekaru suna yi wa juna mugunta kamar kishiyoyi, aka karɓe shi hannu bibbiyu. Littafin yana da daɗi da ban dariya ba ƙarya, amma har da yunwa a cikin karɓar.

Akwai kuma saɓanin tebur da takarda. A littafi Space Marine ɗaya sai ya share ɗari shi kaɗai, a tebur kuwa in dayis ya so ni talakawana goma sai su kayar da biyu ko uku. Wanda ya shigo ta littafi yana ganin wasan ya rage musu daraja, wanda ya shigo ta wasa yana ganin littafin ya cika zuzutawa, kowa kuma yana ganin shi ne a kan daidai.

Tebur yana son duniya a tsaye, labari yana son ta motsa

Wannan shi ne gaba kura baya sayaki na marubucin. Wasa yana buƙatar kowace runduna ta ci gaba da wanzuwa, kowane babban jarumi da ake sayar da robarsa ya ci gaba da numfashi, don ba zaka sayar wa mutum abu yau gobe kace masa ya mutu ba. Labari kuwa in babu wanda zai iya mutuwa, babu abin da zai iya canzawa, ina daɗinsa? Shekaru da yawa agogon Warhammer 40,000 yana tsaye a ƙarshen shekara ta 40,999, kullum ana cewa gobe duniya zata tashi, goben ba ta zuwa. Masu karatu suka yi ta mita cewa an mayar da su yara, kowane littafi a yi ta ɓarin wuta shafi ɗari uku a ƙare inda aka fara, har suna da wani sunan habaici da suke kiran irin waɗannan littattafan da ba komai a ciki sai ƙarar bindiga.

To sai aka motsa, sai kuma ihu ya fi na da. A ɓangaren takobi da tsafi, tsakanin 2014 da 2015 aka yi jerin End Times, aka rushe duniyar da mutane suka shekara talatin suna wasa a ciki ɗungurungum, aka kawo sabon wasa Age of Sigmar a madadinta. Har wani ya ɗauki bidiyo yana cinna wa rundunarsa wuta ya ɗora a YouTube. Jarumai da aka rubuta musu littattafai goma aka kashe su a layi biyu, wasu ma ba a faɗi ƙarshensu ba. Sai a 2024 kamfanin ya dawo da tsohuwar duniyar a wani wasa mai suna The Old World, amma a wani zamani kafin rushewar. A ɓangaren 40,000 kuma a 2017, ban da faɗuwar Cadia, aka tashi Guilliman, uban su Titus, daga dogon suman da ya yi, aka kawo sababbin Space Marines da suka fi na da girma, kowa kuma ya gane da walakin, sabuwar roba ake son sayarwa. Littafin da ya raka wannan sauyi, Dark Imperium, da farko ya ce an yi tsallen kamar shekara ɗari, a 2021 aka sake buga shi da gyara aka mayar da tsallen kamar shekara goma sha biyu. Ka duba fa, littafin da yake kantarka an canza masa lissafi bayan ka biya.

In kana son kaga ɗaya hanyar, dubi BattleTech, wasan Amurka na manyan injinan yaƙi masu tafiya da ƙafa, wanda kamfanin FASA na Shikago ya fara a 1984, littattafansa suka fara fitowa a 1986. Su tun farko littattafan ne suke jan tarihin, masu wasa suna jiran sabon littafi kamar labaran rediyo don su ji wa ya ci wa, wace masarauta ta faɗi. Daɗinsa kenan, illarsa kuma kenan, da Michael Stackpole ya rubuta mamayar wasu mahara da ake kira Clans a wajen 1989 zuwa 1991, maharan suka zo da makaman da suka fi na kowa, teburin kansa ya canza, har yau akwai waɗanda suka ƙi wuce shekara ta 3025 ta labarin, a nan suke wasansu. Suna ma tsokanar Stackpole da yawan sa injin ya fashe kamar bam in an harbe shi, har sun mayar da sunansa fi'ili na wannan fashewar. Wani littafi na 1993 kuma ya kawo halittu masu kama da tsuntsaye masu hankali cikin duniyar da ƙa'idarta mutane ne zalla, masoya suka haɗa kai suka yi kamar ba a taɓa buga shi ba.

Wace ruwaya ce sahihiya

Marubuta gommai, shekara kusan arba'in, duniya ɗaya, dole a yi ta tufka da warwara. Mutanen kamfanin sun daɗe da samun mafita mai wayo, suna cewa duk abin da aka buga yana cikin duniyar amma ba lallai gaskiya ba ne, zai iya zama farfaganda ko tatsuniya ko kuskuren mai rubuta tarihi. Ni wannan ya yi min, don ya bar min fili in ƙirƙiri labarin rundunata. Amma akwai masoya masu hadda, waɗanda suka san wace bindiga ake ɗorawa a kan wace tanka, su ba sa yafiya. Akwai wani marubuci, ba sai na kama suna ba, da ya riƙa ba Space Marines wani makami da ba nasu ba ne a dokar wasa, ya kuma sa masu sulke mafi nauyi suna alkafura, fiye da shekara goma sha biyar kenan ana yi masa dariya a kai, har waɗanda ba su taɓa buɗe littafinsa ba.

Misalin da ya fi taɓa ni shi ne na Ollanius Pius. A tsohuwar ruwaya talakan soja ne, ba kowan kowa ba, wanda ya shiga tsakanin Sarkin daular da babban maci amana Horus alhali ya san ƙiftawar ido zai yi ya mutu. Mu masu buga talakawan sojoji wannan ne waliyyinmu. Daga baya wata ruwaya ta ce ai Space Marine ne, wata ta ce dogarin sarki ne, sai kuma littattafai suka dawo da shi amma a matsayin mutumin da ya rayu dubban shekaru. An rubuta shi da kyau, ba zan ƙi faɗa ba, amma abin da ya sa muke sonsa shi ne ba shi da komai sai zuciya, to in ka ba shi wata baiwa ka ɗauke gishirin. Haka aka yi da Necron a 2011, da can injina ne marasa magana masu ban tsoro, aka mayar da su sarakuna masu izza da surutu, aka yi ta kuka, kuma ba don wannan sauyin ba da littafin Rath da na faɗa maka bai yiwu ba. Rigimar Afrilun 2024 da aka ce akwai mata a cikin dogaran sarki, Custodes, ita kam rabinta ma ba ta littafi ba ce, siyasar Turawa ce ta maza da mata ta samu filin dambe, da yawa daga masu ihun ba su taɓa riƙe buroshi ba.

Horus Heresy, tuwon da ya ƙi ƙarewa

Ba zan wuce wannan ba don shi zaka fi cin karo da shi. Labarin yaƙin basasa ne shekara dubu goma kafin zamanin wasan, inda rabin 'ya'yan sarkin, tara cikin goma sha takwas, suka juya masa baya. Abin dariya, abin da ya ba wannan labari ƙarfi tun farko har da tsimin kuɗi, a wasan Adeptus Titanicus na 1988 injinan ɓangarori biyun iri ɗaya ne, launi kawai ya bambanta, sai aka buƙaci dalilin da zai sa 'yan gida ɗaya su yaƙi juna. A 2006 Dan Abnett ya buɗe jerin da Horus Rising, ukun farko kusan kowa ya yarda sun yi, A Thousand Sons na Graham McNeill a 2010 har ya shiga jerin littattafan da suka fi ciniki na jaridar New York Times, karo na farko ga Black Library.

Da aka ga kasuwa ta buɗe sai tafiya ta yi tsawo. Littafi 54 kafin a iso yaƙin ƙarshe a 2019, sannan jerin yaƙin ƙarshen, Siege of Terra, da aka tsara littafi takwas, na takwas ɗin ma aka raba shi uku, ba a sauke ba sai 2024. Shekara goma sha takwas a kan labarin da kowa ya san ƙarshensa tun kafin a fara. A tsakiyar tafiyar mutane sun gaji, tarin gajerun labarai, ƙananan littattafai na bugu na musamman masu tsada da suke ƙarewa cikin mintuna, 'yan bumburutu su kwashe su kai kasuwar intanet ta eBay su ninka kuɗin. Sannan ga matsalar buɗe abin da yake rufe. Shekaru mutane suna cike giɓin da tunaninsu, kowa da irin Sarkin daular da ya zana a ransa, da The Master of Mankind ya fito a 2016 ya nuna shi yana kiran 'ya'yansa da lamba kamar kayan aiki, wasu suka ce wannan ne rubutu mafi zurfi a jerin, wasu suka ce marubucin ɗan goyon 'yan tawaye ne ya zo ɓata musu uba. Shafi ɗaya suka karanta.

To kai yaya zaka yi

In kana duba ra'ayin mutum, fara da gano daga ina ya shigo da kuma wace runduna yake goyo. Mai wasan tebur, mai hadda, mai neman labari mai daɗi kawai, da irinka da kuka shigo ta wasan kwamfuta da YouTube, kuma yanzu kun yi yawa sosai, ba abu ɗaya kuke nema ba. In ƙorafin shi ne an wulaƙanta rundunata ko an saɓa wa abin da aka faɗa a 1998, wannan bai shafe ka ba tukuna, ba ka da akwati a ƙarƙashin gado. In ƙorafin shi ne mutanen ciki ba su da rai, yaƙi ne kawai babi bayan babi, to wannan ka saurara, don gaskiya irin waɗannan suna da yawa. A nawa ma'aunin, cikin waɗanda na karanta kaɗan ne zan miƙa wa wanda bai san wasan ba ba tare da jin kunya ba, mafi yawa na cinye lokaci ne a jirgin ƙasa, wasu kuma ban iya gamawa ba. Ka kuma tuna ni ma ɗan goyo ne, duk littafin da talakan soja ya yi abin kirki sai in ƙara masa maki, kuma abin da na gani na kulob ɗaya ne a gari ɗaya da masu surutu da Turanci a intanet, su kuwa masu saye su karanta su yi shiru sun fi masu ihu yawa nesa ba kusa ba. A 2018 da aka sanar za a yi wa yara littattafai an yi kamar za a tashi duniya, suka fito a 2019, ba abin da ya faru.

Abu ɗaya da ya kamata in gaya maka a matsayin ɗan'uwa, duniyar nan cike take da bautar sarki a matsayin abin bauta, da shaiɗanu huɗu da ake kira allolin Chaos, da tsafi da zubar da jini ba kaɗan ba. Waɗanda suka ƙirƙire ta a Ingila ta shekarun 1980 habaici suke yi wa mulkin kama-karya da makauniyar biyayya, daular ba abin koyi ba ce, amma littafi yana buƙatar jarumin da za a so, sai a hankali wasu masu karatu suka fara ɗaukar azzaluman a matsayin mutanen kirki, har a 2021 kamfanin ya fito ya yi sanarwa cewa daular ƙiyayya ce take tafiyar da ita kuma ba sa maraba da masu ɗaukar ta da gaske. Kai ka san zuciyarka, in irin wannan yana damunka to ka sani tun yanzu.

Wurin farawa kuwa, kar ka fara da Horus Heresy duk da kowa zai tura ka can, daɗinsa yana ga wanda ya riga ya san abin da aka rasa. Tunda mayen littattafan yaƙi ne kai, nemi First and Only na Abnett, na 1999, farkon jerin Gaunt's Ghosts, labarin wata bataliya da duniyarsu ta ƙone ranar da aka ɗauke su soja, na farko-farkon suna ɗan tsalle-tsalle don daga gajerun labarai aka faro, na ukun, Necropolis, shi ne inda zaka san ko harkar taka ce. In bincike da leƙen asiri ka fi so to Xenos, farkon Eisenhorn. In kana son dariya akwai Ciaphas Cain na Sandy Mitchell, wani hafsa matsoraci da duk gudun da ya yi sai ya faɗa cikin jarumta. In Turancin ya yi maka nauyi, don suna son tsofaffin kalmomi da Latin na ƙarya, gwada na sauraro, Toby Longworth ne ya karanta Eisenhorn kuma muryarsa tana taimakawa ƙwarai. In ka gama ɗaya ka rubuto min wanda ka ɗauka, sai in san wanda zan tura ka gaba.